Haƙƙin Iyaye Idan Makaranta Ta Ƙi Yaro Mai Buƙata ta Musamman

Yakan faru uwa ta kai ɗanta kurma ko makaho makarantar firamare, hedimasta ya ce, "Mama, ba mu da malamin da zai iya da shi, ki koma da shi gida." Iyaye da yawa sukan juya shiru, domin suna zaton karɓar irin wannan yaro alfarma ce. A dokar Najeriya kuwa haƙƙinsa ne, iyaye kuma suna da ikon tsaya masa.

Abin da doka ta tanada

Dokar Ilimin Bai Ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Ba ta cire yaro mai nakasa ba.

Dokar Hana Nuna Bambanci ga Masu Nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu 2019, ta ƙara fayyace maganar. Sashe na 17 ya ba mai nakasa 'yancin yin karatu ba tare da wariya ba, kyauta har zuwa sakandare. Sashe na 18 ya umurci makarantun gwamnati su buɗe ƙofa ga masu nakasa, su kuma tanadi malamin da aka horar ko kayan aiki na musamman dominsu. Sashe na 20 ya ce a koyar da makafi da kurame ta hanyar da ta fi dacewa da su, irin su rubutun makafi da maganar hannu.

Sashe na 1 ya hana kowane mutum ko ma'aikata nuna bambanci saboda nakasa. Hukuncin mutum shi ne tarar naira 100,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. Ma'aikata kuwa naira miliyan 1. Wannan hani ya shafi makarantun kuɗi, har da na ikkilisiyoyinmu.

Da yake firamare da yawancin sakandare suna hannun jihohi, a nemi dokar jiha ma. Filato, Kaduna da Kano suna cikin jihohin da suke da tasu dokar masu nakasa.

Matakan da iyaye za su bi

1. A nemi takardar likita mai bayyana yanayin yaron da taimakon da yake buƙata. A ba makaranta kwafi, a riƙe ta asali.

2. A zauna da malamin aji da hedimasta cikin natsuwa. A faɗi abin da ake nema dalla-dalla, misali kujera a gaban aji, ƙarin lokacin jarrabawa, ko aji a ƙasa ga mai keken guragu. A je da shaida guda.

3. In an ƙi karɓar yaron ko an kore shi, a roƙa a ba da dalilin a rubuce. In an hana, iyaye su rubuta wasiƙa mai kwanan wata, su ajiye kwafi. Maganar baki takan ɓace, takarda tana nan.

4. A kai maganar gaban kwamitin gudanar da makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai, sa'an nan Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, sa'an nan hukumar SUBEB ta jiha. Makarantar kuɗi da babbar sakandare kuwa, Ma'aikatar Ilimi ta jiha ake nufa.

5. In duk bai yi ba, a kai kuka ga Hukumar Masu Nakasa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda take karɓar koke kyauta. Kotu ita ce mataki na ƙarshe, dokar 2018 kuma ta ba wanda aka cuta damar shigar da ƙara.

Abin lura

Makarantu da yawa ba su da malami ko kayan da doka ta ambata, sau da yawa kuma ba laifin hedimasta ba ne. Wani yaron zai fi amfana a makaranta ta musamman, kamar Makarantar Makafi ta Gindiri da aka kafa a 1953. Amma wannan shawara ce da za a yanke tare da iyaye, bayan an duba buƙatar yaron. Kada iyaye su sa hannu a takardar janye ɗansu kafin su karanta ta, ko wani amintacce ya karanta masu. Muddin ana cikin maganar kuma, su nemi a bar yaron a aji, gama zangon karatun da ya wuce shi da wuya ya maido.