Iska, Hayaƙi da Mai Juna Biyu a Ƙasar Kebbe da Tambuwal



A Hausa kalmar iska tana da ma'ana biyu. Akwai iskar da muke shaƙa, akwai kuma iskoki, watau mutanen ɓoye. Duk wanda ya dubi yadda Bahaushe ke tsare mai juna biyu tun kaka da kakanni, zai ga ta biyun ya fi tsoro. A ƙasar Kebbe da Tambuwal, kamar sauran ƙasar Hausa, akan hana mai ciki fita da tsakar rana ko da almuru, akan hana ta zama gindin tsamiya ko kuka, a haɗa ta da laya da rubutun sha. In ciki ya tsufa a ba ta jiƙe-jiƙen maganin zaƙi, in na fari ne a kai ta gidansu goyon ciki. Duk da wannan hattara, hayaƙin murhu bai shiga cikin abubuwan da ake guje mata ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A idon magabata hayaƙi abokin zama ne: shi ke korar sauro, shi ke rage wa jinka ɓarnar ƙwari, da shi ake turara majinyaci, har ma da shi ake korar iskokin nan da ake tsoro. Abin da aka ɗauka magani da wuya a tuhume shi da cuta.

To, bari mu bi macen ƙauye, a Kuchi ko Jabo ko Dogon Daji, cikin shekara guda. Da rani tana girki a tsakar gida, iska na kwashe hayaƙin. Da damina sai ta koma ɗakin girki da jiƙaƙƙen icce, tana duƙe tana hura wuta har idanu su yi ja. Da hunturu ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta rufe gari da hazo, manoma da mafarauta na ƙona daji, da dare kuma a shiga da kaskon garwashi a rufe ƙofa. Inda icce ya yi wuya sai kara da kashin shanu, waɗanda suka fi hayaƙi. Ciki wata tara ne, saboda haka ba yadda za a yi ya kauce wa biyu daga cikin waɗannan lokatai. Wani abin lura, ɗakin jinka yakan bar hayaƙi ya sulale ta cikin ciyawa. Da kwano ya shigo, aka yi murnar samun sauƙin gobara, amma hayaƙin ya rasa mafita. Kunkunniyar da ke bango shaida ce.

Su ma Turawa sun daɗe ba su farga ba. Sai a Disambar 1952, da hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin Landan kwana biyar, ƙidayar farko ta nuna mutum kimanin 4,000 sun mutu, aka kafa dokar tsabtace iska a 1956. Ko a lokacin, hankali na kan huhun manya. A 1957 wata likita a Amurka, Winea Simpson, ta nuna mata masu shan taba sun fi yawan haihuwa kafin lokaci, daga nan aka fara tambayar abin da hayaƙi ke yi wa ɗan tayi.

Ga abin da aka gano. Wuta tana fitar da wata iskar guba marar launi marar wari, kabon monoksaid, wadda ke kama jini fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da ɗoriya. Tana ƙetare mabiyiya, tana kuma daɗewa a jinin ɗan tayi fiye da na uwarsa. Akwai kuma ɓurɓushin toka da ido ba ya gani. A 2019 masana a Jami'ar Hasselt ta Beljiyam sun same shi a cikin mabiyiya, ta ɓangaren da ke fuskantar jariri. Sakamakonsa shi ne jariri ya zo bakwaini, ko nauyinsa ya kasa kilo 2.5, wani lokaci ma ya zo babu rai. A Gwatemala, binciken 2002 ya nuna jariran masu girki da icce sun gaza na masu murhu marar hayaƙi da giram 63. Kada a raina wannan adadi. Ga uwar da ke fama da ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro, ƙari ne a kan ƙari.

Mu dawo gida. A 2010, a Anka da Bukkuyum cikin Zamfara, ba nisa da Kebbe, niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya cika tsakar gida da ƙurar dalma, yara aƙalla 400 suka rasu. Mata da yawa ke aikin niƙan, dalma kuwa tana ratsa mabiyiya ta taɓa ƙwaƙwalwar ɗan da ba a haifa ba.

Batun magani yana buƙatar natsuwa. A Ibadan an gwada murhun etanol ga mata masu ciki 324, rahoton 2018 ya nuna an sami ci gaba. Amma babban gwajin murhun gas a Gwatemala da Indiya da Peru da Ruwanda, wanda aka buga a 2022, bai sami bambancin nauyi na a zo a gani ba. A ganina, wannan na nuna murhu ɗaya ba ya tsabtace iskar unguwa, ba ya kuma maye gurbin abinci. Ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 tsadar rayuwa ta mai da gidaje da dama kan icce da gawayi.

Al'adarmu kanta ta san ɗauke wa mace girki: maijego takan huta kwana arba'in, kishiya ko ƙanwa ta karɓa mata. Amma mai ciki, musamman wadda ta wuce haihuwar fari, takan riƙe ranar girkinta har naƙuda ta tashi. Ga ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure, in mace ta zo awo daga Kebbe ko Sanyinna, bayan an auna jininta, a tambaye ta inda take girki, da me take hura wuta, da kuma ko da kasko take kwana.