Makarantar Ƴan Garkuwa: Yadda Faransa ta Kafa Lakkwal a Sanagal

Tun kafin sojojin Faransa su shigo Damagaram a 1899, sun riga sun gwada tsarin lakkwal ɗinsu a Saint-Louis ta ƙasar Sanagal, garin da Wolof ke kira Ndar.

A 1817 wani malami, Jean Dard, ya buɗe makaranta a garin. Da ya ga yaran ba su jin Faransanci, sai ya fara koya musu karatu da harshen Wolof, har ya rubuta ƙamus. Abin bai yi tsawon rai ba, hukuma ta ce Faransanci kaɗai take so.

Babban sauyi ya zo ne da gwamna Louis Faidherbe, wanda ya hau mulkin Sanagal a 1854. A 1855 ya kafa makarantar da shi da bakinsa ya raɗa wa suna Makarantar Ƴan Garkuwa. To, me ya kawo garkuwa cikin zancen karatu? Idan Faransa ta ci sarki da yaƙi, ko suka ƙulla yarjejeniya, sai a ɗauko ɗansa ko ɗan ɗan'uwansa a kai Saint-Louis. Muddin yaron yana hannun gwamna, uban ba zai tada kayar baya ba. Shi kuma yaro ana koya masa Faransanci da lissafi, ya fito tafinta, ko a naɗa shi sarkin da zai bi umurni. An rufe ta farkon shekarun 1870, aka sake buɗewa wajen shekara 20 bayan haka, da suna mai daɗin ji: Makarantar Ƴaƴan Sarakuna da Tafintoci.

Faidherbe bai ƙyale makarantun allo ba. Dokarsa ta 1857 ta ce malami ba zai karantar ba sai da izinin hukuma, kuma dole ya tura manyan almajiransa darasin Faransanci da yamma. Malamai da yawa sun yi kunnen uwar shegu da ita.

Wannan tsari na horar da ƴan kaɗan don aikin hukuma shi aka shimfiɗa a duk Afirka ta Yamma ta Faransa a 1903. Daga cikinsa makarantar horar da malamai ta William Ponty ta fito, inda Diori Hamani da Boubou Hama suka yi karatu. Mu nan ma, tsofaffi suna ba da labarin yadda wasu sarakuna, in an ce su kawo ƴaƴansu lakkwal, sai su ɓoye nasu su tura ƴaƴan barori.