Daga Anquetil zuwa Tony Martin: yadda aka gajarce wa gwanin tseren agogo hanya

A gasar Tour de France ta 1947 an ware zango guda mai tsawon kilomita 139, daga Vannes zuwa Saint-Brieuc, inda kowane mahayin keke ya tashi shi kaɗai, babu abokin da zai tare masa iska, babu wanda zai laɓe a bayansa, agogo ne kawai alƙali. A gasar 2015 kuwa, duk abin da aka bar wa wannan tsere na mutum ɗaya kilomita 13.8 ne a birnin Utrecht, aka gama shi tun ranar farko. Tsakanin waɗannan alƙaluma biyu akwai tarihin wata sana'a da ta yi sarauta sannan aka mayar da mai ita bara a gidan wasu. Abin da nake son kafawa shi ne, gwanin tseren agogo bai rasa matsayinsa don ƙarfinsa ya ragu ba. Masu shirya gasa ne suka yanke masa hanya da gangan, kuma wasan keke ya yi asara da wannan yankan.

Sai an san abin da iska ke yi wa mai keke kafin a gane darajar sana'ar. Idan gudu ya kai kilomita 50 a awa ɗaya, kusan duk ƙarfin da mahayi ke zubawa a feda yana tafiya ne wajen keta iska. Wanda ya maƙale a bayan wani yana samun sauƙin kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar, wanda ke tsakiyar ayari kuma sauƙinsa ya fi haka. Shi ya sa a zangon da ake tashi gaba ɗaya mutum zai iya ɓuya duk yini a bayan abokansa, ya fito a mita 200 na ƙarshe ya ɗauke nasara. A tseren agogo an haramta bin bayan kowa. Ana sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya, da tazarar minti ɗaya ko biyu, wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ne ya ci. Gwanintar tana wajen raba ƙarfi: in ka fara da zafi za ka ƙone kafin rabin hanya, in ka yi tattali da yawa za ka isa da sauran kuzarin da ba shi da amfani.

Asalin al'adar a Ingila yake, kuma tsoron hukuma ne ya haife ta. A 1890 ƙungiyar masu keke ta ƙasar ta hana tsere a kan titi, don gudun kada koke-koken masu keken doki da fushin 'yan sanda su jawo a hana hawan keke baki ɗaya. Frederick Thomas Bidlake da abokansa na kulob ɗin North Road suka nemo mafita a 1895: tseren mil 50 da kowa zai tashi shi kaɗai, ta yadda mai wucewa ba zai ga alamar tsere ba. Shekaru da dama ana yin sa da sassafe, cikin baƙaƙen tufafi, ana ɓoye sunan hanya da lambobin da 'yan kulob kaɗai suka san ma'anarsu. Daga wannan ɓoyo manyan gwanaye suka fito. Ray Booty ya zama na farko da ya yi mil 100 ƙasa da awa huɗu a 1956. Beryl Burton, wadda ke aiki a gona a yankin Yorkshire, ta yi mil 277.25 cikin awa 12 a 1967, ta zarce abin da kowane namiji ya taɓa yi a wannan gasa zuwa lokacin.

Faransawa ne suka mayar da abin sana'ar kuɗi. Sun ƙirƙiro Grand Prix des Nations a 1932, tseren agogo na kusan kilomita 140, sannan suka shigar da irin wannan tsere Tour de France a 1934, inda Antonin Magne ya ci zangon kilomita 90 zuwa Nantes. Daga nan har kusan shekara sittin, wanda ya mallaki agogo shi ke da babban rabo a gasar. Jacques Anquetil ya ci Grand Prix des Nations yana ɗan shekara 19 a 1953, ya ci gaba har ya tara tara, ya kuma ɗauki Tour sau biyar da dabara ɗaya: ya tara mintuna a tseren agogo, ya tsare su a kan duwatsu. Miguel Indurain na Sifaniya ya kai dabarar maƙura. Ya ci Tour sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, kuma a duk waɗannan shekaru biyar bai ci zango ko ɗaya na tashi gaba ɗaya ba. A Luxembourg a 1992, cikin kilomita 65, ya ba wanda ya zo na biyu tazarar minti uku. Indurain ƙato ne mai nauyin kusan kilo 80, kuma hanyar wancan zamani ta ba mai irin wannan jiki damar ramawa a fili abin da 'yan sirara suka ƙwace masa a hawan dutse.

Tony Martin ya zo ne lokacin da ake rufe wannan ƙofa. An haife shi a Cottbus ta tsohuwar Jamus ta Gabas a 1985, ya zama zakaran duniya na tseren agogo sau huɗu, a 2011 da 2012 da 2013 da 2016, adadin da Fabian Cancellara na Suwizalan ya kafa kafin shi. Ya ci azurfa a wasannin Olympics na Landan a 2012, ya ci zango biyar a Tour. Amma Grand Prix des Nations ta mutu tun 2004, kilomitocin agogo a Tour suna ta raguwa, sai ya zamana gwanin da ya fi kowa a fanninsa yana da 'yan kwanaki ƙalilan a shekara da zai nuna abin da ya iya. Dole ya nemi wata hanya. A gasar Vuelta ta Sifaniya a 2013 ya ɓalle shi kaɗai tun farkon zango na shida, ya yi kusan kilomita 175 ayari na bin sa, aka cim masa saura 'yan mitoci ya taka layin ƙarshe. A Utrecht a 2015 sakan biyar suka hana shi rawayar rigar jagoran Tour, gajeriyar hanyar ba ta ishe shi ya nuna fifikonsa ba. Sai da ya ɓalle kusa da Cambrai a zango na huɗu ya same ta, bayan kwana biyu ya faɗi ya karya ƙashin kafaɗa. Shekarunsa na ƙarshe a ƙungiyar Jumbo-Visma ya yi su ne a gaban ayari, yana sarar iska sa'o'i domin Primož Roglič ya huta a bayansa. Aiki ne mai daraja, abokansa kuma sun girmama shi a kansa, amma zakaran duniya sau huɗu ya ƙare yana ɗaukar kayan wani. Ya ajiye keke a 2021, yana kokawa da yawan haɗurran da ake yi a cikin ayari.

Za a ce Martin bai iya hawan dutse kamar Anquetil da Indurain ba, don haka ko an ba shi kilomita 150 na agogo ba zai ci Tour ba. Wannan gaskiya ce, ba kuma zan yi musunta ba. Sai dai hanya ita ke zaɓar irin mutanen da ƙungiyoyi za su raina. A 2012, da aka sa sama da kilomita 100 na tseren agogo, Bradley Wiggins ya ci Tour. A 2017, da Giro ta Italiya ta ƙare da tseren agogo a Milan, Tom Dumoulin ya ƙwace gasar daga hannun Nairo Quintana da sakan 31. Idan aka ba gwanayen agogo fili suna iya ci. Idan kuwa matashi mai jikin Indurain ya ga kilomita 14 ko 30 kaɗai aka tanadar masa cikin mako uku, shi da kocinsa sun san abin da ya rage masa: ya rame ya koma mahayin dutse, ko ya karɓi aikin bara.

Hujjar masu shirya gasa ita ce 'yan kallo. Sun ce tseren agogo ba ya ƙayatarwa a talabijin, kuma gwani irin Indurain yana kashe gasa tun mako na farko. Akwai ƙamshin gaskiya a kashi na biyu, domin magoya bayan Raymond Poulidor, abokin hamayyar Anquetil, sun yi irin wannan kuka a wancan zamani. Amma tarihin Tour kansa ya ƙaryata kashi na farko. A 1989 Greg LeMond ya shiga zangon ƙarshe, kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris, Laurent Fignon yana gabansa da sakan 50, ya fita da nasarar sakan takwas, tazara mafi ƙanƙanta a tarihin gasar. A 2020 Martin da abokansa sun tsare wa Roglič rawayar riga har zuwa jajibirin shiga Paris, yana gaba da sakan 57, sai tseren agogo na La Planche des Belles Filles ya raba shi da masu tare masa iska, Tadej Pogačar ya juya lissafin ya ci da sakan 59. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A Kigali ma a Satumban 2025, karon farko da aka kawo gasar duniya ta keke a kan titi nahiyar Afirka, abin da aka fi magana a kai a tseren agogo shi ne yadda Remco Evenepoel ya cim ma Pogačar ɗin nan, wanda ya riga shi tashi da minti biyu da rabi, ya wuce shi a kan tudu a gaban jama'a.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi da ta ƙwayoyi. LeMond ya ci Fignon ne da taimakon sabon kan keke da ke haɗe hannaye a gaba da hular kwano mai keta iska, kuma tun daga lokacin tseren agogo ya zama fagen injiniyoyi, ƙungiya mai kuɗi tana kai mahayinta ɗakin gwajin iska, matalauciya tana kallo. Batun ƙwayoyin ƙara kuzari ma ba ɓoyayye ba ne: Anquetil bai taɓa ɓoye ra'ayinsa a kansu ba, an kuma ƙi amincewa da bajintarsa ta gudun awa ɗaya a 1967 saboda bai yi gwaji ba. To amma ƙwaya ba ta san bambancin fili da dutse ba, ta ɓata zangunan duwatsu kamar yadda ta ɓata na agogo, ba wanda kuma ya ce a rage duwatsu saboda ita. Kuɗi kuwa ya fi yin ta'adi a zangon tashi gaba ɗaya, inda ƙungiya mai arziki ke sayen gwanaye shida ko bakwai ta jera su gaban mutum ɗaya. Keke ana iya ƙayyade shi da doka, hukumar keke ta duniya, UCI, ta sha yin haka, har ta haramta salon zaman da Graeme Obree ya ƙirƙiro a kan keken da ya haɗa da hannunsa a 1993. Idan kayan aiki ne matsalar, maganinta dokar kayan aiki.

Gasar da ke iƙirarin fitar da mahayin da ya fi kowa cikin mako uku ba ta da hujjar auna shi shi kaɗai na minti goma sha biyar kacal, kamar yadda aka yi a Utrecht. Ba wanda ke neman a dawo da kilomita 139 na 1947. Amma zango biyu masu tsawo a fili, irin na 2012, haƙƙi ne na masu wannan sana'a, kuma ya kamata masu shirya Tour de France su mayar musu da shi.