Horar da karnukan farauta a kudancin Kaduna

Farauta da karnuka tsohuwar sana'a ce a Kafanchan da kewayenta, musamman a duwatsun Kagoro da dazuzzukan ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura. Lokacinta rani ne, bayan an kawar da amfanin gona. Bikin Afan da al'ummar Kagoro ke yi ranar 1 ga Janairu na kowace shekara yana da alaƙa da ƙarewar girbi da buɗe kakar farauta.

Akasarin karnukan na gida ne, sirara masu gajeren gashi da jure zafi. Ana soma horo tun kare yana kwikwiyo. Matakin farko shi ne ya san sunansa da muryar ubangidansa, don haka mafarauci kan ciyar da shi da hannunsa, ya kira shi da fito iri ɗaya a duk lokacin abinci. Daga nan a saba masa da igiya, da tafiya kusa da mai shi, da tsayawa in an tsawata. Ana kuma hana shi bin kaji da awaki tun da wuri, domin karen da ya saba kashe dabbar gida yana jawo wa mai shi biyan diyya da rigima da maƙwabta ko makiyaya.

Mataki na biyu a daji yake. Ana shinshina masa fatar zomo ko gafiya, sannan a haɗa shi da manyan karnuka ya koyi bin sawu da kora. Abu mafi wuya shi ne ya kama nama ya saki ba tare da ya ci ba. Wannan na da muhimmanci a farautar gayya, inda gardama kan karen da ya fara kamu takan kai ga Sarkin Baka ya raba. Masu horo na zamani sun fi ba da shawarar lada da maimaitawa, saboda duka yana sa kare tsoro, ya ƙi dawowa in an kira shi.

Ga mafarauta Musulmi, horon yana da hukunci. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo, kuma malamai sun bayyana horarren kare da wanda ke tafiya in an aike shi, ya tsaya in an hana shi.

Kula da lafiya ma wajibi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa da ciwon haukan kare daga karnuka suke samunsa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana samar da allurar rigakafinsa, kuma likitocin dabbobi na shawartar a riƙa yi wa kowane kare ita duk shekara.