Tarihin Raccah Rovers, Kulob ɗin Ƙwallon Kano

Yau duk yaron da aka tara yana buga tamola a lungunan Soron Ɗinki, in an tambaye shi wane ne ya fara kawo wa Kano kofin gasar ƙasa, sai ya ce Kano Pillars. To, ba haka abin ya ke ba. Akwai wani kulob da ya riga Pillars da shekara talatin cur, sunansa Raccah Rovers, ga shi kuwa yanzu sai dattawa ke tuna shi. Tun da ya ke aikin akawu shi ne tsare abin da ya wuce kada ya salwanta, ya kamata a rubuta labarinsa a ajiye.

Asalin wasan da asalin sunan

Ƙwallon ƙafa baƙo ne a Kano, kuma ta ƙofa biyu ya shigo. Ɗaya ita ce makarantun boko, irin su Midil ta Kano, inda malamai su ke sa yara wasanni da la'asar. Ɗayar kuwa ita ce hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Kano cikin 1911, ta kawo akawuna da ma'aikatan reluwe da na kantuna, suka zauna a Sabon Gari da wasansu.

Wannan jirgi shi ne kuma ya ta da cinikin gyaɗa tun daga 1912, har buhuna suka riƙa tashi dala-dala. Cikin attajiran da suka yi suna a wannan ciniki akwai Saul Raccah, wani Bayahude mutumin Tarabulus da ya zauna a Kano. Cikin shekarun 1930 ya yi gogayya da manyan kamfanonin Turawa irin su U.A.C. wajen saye da fitar da gyaɗa, bai kuwa ji kunya ba. Sunan gidansa ne kulob ɗin ya ɗauka. Ashe ke nan da ƙwallon da sunan duk a wagunu ɗaya suka zo.

Waɗanda suka share fage

Cikin 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna, zamanin Gwamna Richards. Shekara takwas a jere kofin nan bai fita Ikko ba, yana ta zagaye tsakanin su Marine da Reluwe da maƙwabtansu. Sai cikin 1953, shekarar ƙarshe ta Sarkin Kano Abdullahi Bayero, zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka tafi har can suka ci Dynamos ta Ikko biyu da ɗaya, suka ɗauko kofi. Su ne farkon waɗanda suka raba Ikko da shi. Abin lura kuwa, cikin watan Mayu na wannan shekara aka yi tarzomar Kano tsakanin mutanen Arewa da na Kudu. Watau shekarar da siyasa ta sa aka zub da jini, ita ce shekarar da aka kara a fili da alƙali da usur, aka tashi lafiya.

Kano ta sake kaiwa wasan ƙarshe cikin 1954 da 1955, amma Kalaba ta kayar da ita a na farkon, Fatakwal a na biyun. Daga nan sai aka daɗe ba a ji ɗuriyarta ba.

Shekara uku na ɗaukaka

Da aka kafa gasar lig ta ƙasa cikin 1972, Mighty Jets ta Jos ce ta fara cinye ta. Daga nan sai kofin ya koma Kudu ya zauna: Bendel Insurance ta Binin cikin 1973, Rangers ta Inugu cikin 1974 da 1975 da 1977, I.I.C.C. ta Badun cikin 1976. Waɗannan manya ne, masu gwamnatocin jihohi a bayansu, kuma su ke cika ƙungiyar ƙasa da 'yan wasa. Cikin wannan taron giwaye Raccah Rovers ta kutsa kai.

Cikin 1977 ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, watau tsohon Kofin Gwamna da aka sāke wa suna, amma I.I.C.C. ta tafi da shi. Ba ta karai ba. Shekara na zagayowa, cikin 1978, zamanin Sarki Ado Bayero, ta zama zakarar lig ta Nijeriya baki ɗaya. Shi lig ba kamar kofi ba ne da sa'ar yini ɗaya ke iya ba mutum. Sai an bi kowa gida da waje, an jure tafiya da rauni da ihun baƙin 'yan kallo, sa'an nan a lissafa maki. Saboda haka wanda ya ci shi ba a ce masa katari ya yi.

Wannan nasara ta ba ta wakilcin Nijeriya a gasar zakarun Afirka ta 1979. Ta fitar da Simba ta Darussalam a ƙasar Tanzaniya, ta shiga cikin takwas na ƙarshe, inda U.S. Gorée ta Sanagal ta tare ta. Har wa yau cikin 'yan wasanta aka ɗauki Shefiu Mohammed a ƙungiyar ƙasa wadda ta ci kofin ƙasashen Afirka a Ikko cikin 1980.

Faɗuwa da magāda

Amma fa sa'ad da kulob ɗin ke kan ganiyarsa, kasuwar da ta ɗaukaka sunan Raccah ta riga ta mutu. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa cikin 1975 sun share dalar gyaɗa daga Kano, arzikin ƙasa ya koma ga man fetur, watau hannun gwamnati. Cikin shekarun 1980 tauraron Rovers ya dusashe, har da aka buɗe gasar ƙwararru masu cin albashi cikin 1990, babu sunanta a ciki.

A wannan shekara ce aka haɗa kulob uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka fitar da Kano Pillars, wadda ke ƙarƙashin gwamnatin jiha. Ita ma sai da ta yi shekara 18 kafin ta ci lig cikin 2008, sa'an nan ta jera 2012 da 2013 da 2014, ta kuma ɗauko kofin ƙasa cikin 2019, shekara 66 bayan na 1953. Duk da haka ta faɗa ajin ƙasa cikin 2022, amma da ya ke tana da majingina, sai ta komo cikin 2023.

Ga bambancin nan a fili. Duka biyu sun yi tuntuɓe, ɗaya ta tashi, ɗaya ba ta tashi ba. Ba gwaninta ce ta raba su ba, asusu ne da tsari. Wanda ya san yadda aka riƙe baitulmalin En'e, da kasafi da littafin shiga da fita, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani: abin da aka rataya a wuyan gida ɗaya, ran da gidan ya gaji, ran nan ya ke faɗuwa. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rigaye mu cikin mazajen 1953 da na 1978, ya sa na baya su riƙe amanar sunan Kano, amin.