Jirgin Ƙasan Abuja da Mutanen Kuje: Nazarin Inda Layi Ya Bi

Ma'aikacin da ke kwana a Kuje, yake aiki a sakatariyar tarayya, ya san akwai jirgin ƙasa a Abuja, amma ba ya saka shi a lissafin sammakonsa. Dalilin hakan yana cikin taswirar layin.

An ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar aikin a 2007, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a watan Yulin 2018. Layin yana da tashoshi 12. Reshe ɗaya ya tashi daga tashar Abuja Metro, ya bi ta Kukwaba da Wupa da Idu da Bassanjiwa, ya tuƙe a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Ɗayan ya rabu a Idu ya nufi Gwagwa da Dei-Dei har Gbazango. Annobar korona ta tsayar da shi a 2020, bai dawo ba sai 29 ga Mayun 2024, lokacin da Shugaba Tinubu ya sake ƙaddamar da shi, aka kuma ɗauki fasinja kyauta.

To, sai dai kyauta ba ta gyara hanya. Layin filin jirgi ya kauce wa Lugbe, inda jama'a suka yi cincirindo, ya ratsa wuraren da ba su cika ba. Mutumin Kuje kuwa, filin jirgin ne tashar da ta fi kusa da shi, wurin da aka tsara domin mai jaka da tikitin jirgin sama. Kafin ya kai can ya riga ya hau babban titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, motar da yake ciki kuma cikin gari ta nufa. Me zai sa ya sauka?

Ɗaya bakin layin ya fi wannan matsala, kodayake ba a cika zancensa ba. Tashar Abuja Metro tana gefen cibiyar kasuwanci ne, nesa da sakatariya da kasuwar Wuse ga mai tafiya a ƙasa. An hana acaba a tsakiyar birnin tun 2006, don haka wanda ya sauka sai ya sake neman tasi. Hawa uku ke nan a tafiya guda, kowanne da jiransa. Haka abin yake ga matafiyin Kaduna, wanda jirginsa ke ajiye shi a Idu.

Birnin Paris ya sha fama da irin wannan: jiragen unguwannin waje suna tsayawa a tashoshi daban-daban, ba sa haɗuwa. A 1977 aka buɗe tashar Châtelet-Les Halles a ƙarƙashin ƙasa, jirgin gabas ya samu ratsa tsakiyar gari ya fita yamma. Abuja ba ta ma buƙatar irin wannan haƙa, tunda tsarin birnin na 1979 ya ware hanyoyi na musamman domin sufurin jama'a.

A ganina, miƙa layi daga filin jirgi zuwa Kuje abu ne mai kyau, musamman ga garin da ke ciyar da kasuwannin birnin da doya da hatsi. Amma ba shi ne na farko ba. Muddin jirgin bai shiga Wuse da Garki da sakatariya ba, ko an gina tasha a bakin kasuwar Kuje, ma'aikaci motar haya zai shiga.