Mutanen Gefe a Littafin The Poisonwood Bible

A 1998 marubuciyar Amurka Barbara Kingsolver ta fitar da littafinta The Poisonwood Bible. Labarin wani ɗan mishan ne mai suna Nathan Price, wanda ya kwashi matarsa Orleanna da 'ya'yansu mata huɗu daga jihar Jojiya a 1959, ya dire su a ƙauyen Kilanga na ƙasar Kwango, ana saura shekara guda Beljiyam ta miƙa mulki. Uwar da 'ya'yan ne ke karɓa-karɓar ba da labarin, saboda haka hankalin mai karatu kan tafi gare su. Abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, hujjar littafin gaba ɗaya tana hannun mutanen da aka ajiye a gefe, kuma marubuciyar ba ta biya su haƙƙinsu ba.

Mu ɗauki Mama Tataba, mai aikin gidan. Nathan ya share fili ya shuka irin da ya zo da shi daga Amurka a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ta ja masa kunne kan wata bishiya mai dafi, ya ƙi ji, ya wayi gari fuska da hannu sun kumbura. Ta tara masa ƙasar shukar tudu-tudu, ya bi ya baje. Da ruwan sama ya sauko ya wanke irin, da hannunsa ya koma ya tayar da tudun da ya rushe. Kuma daga bakin wannan matar, ranar da ta tattara kayanta za ta bar gidan, ya ji dalilin da ya sa mutanen gari ke gudun baftisma a kogi: kada ya taɓa cinye wata yarinya a wurin. Watanni yana wa'azi, bai taɓa tambaya ba. Duk abin da littafin zai faɗa daga baya game da Beljiyam da Amurka da kisan firaministan Kwango na farko, Patrice Lumumba, a Janairun 1961, an riga an shuka shi a wannan ɗan lambu.

Tata Ndu, sarkin ƙauyen, ya fi kowa fahimtar siyasar zamanin. Turawa sun ce ƙuri'a ce hanyar wayewa, sai ya shigo da ita cikin coci, aka jefa tsakuwa a matsayin ƙuri'a, Yesu ya sami 11, masu adawa 56. Sarkin ya san cewa a al'adarsu zama ake yi a tattauna har bakin kowa ya zo ɗaya, kuma rinjayen ƙuri'a yakan bar waɗanda aka kayar da ƙullaci. Ba da jimawa ba aka ga hakan, lokacin da aka kaɗa ƙuri'a kan fitar Leah, ɗaya daga cikin 'ya'yan Nathan, farauta tare da maza, gari ya rabu, boka Tata Kuvudundu ya fusata, har macijin da ya ajiye ya halaka ƙaramar 'yar Nathan, Ruth May.

Wadda ta fi taɓa min zuciya ita ce Mama Mwanza, maƙwabciyar iyalin Price da gobara ta nakasa mata ƙafafu, tana jan jiki da hannuwa tana kula da iyalinta. Bayan an yanke wa iyalin Price kuɗin mishan, yunwa ta kama su, ita ce ke taimaka musu da abinci a ɓoye, alhali su ne suka zo da sunan ceto.

To, a nan ne nake da ƙorafi. Cikin muryoyi biyar da ke ba da labarin babu ɗan Kwango ko ɗaya. Ana iya kare Kingsolver da cewa da gangan ta yi, don ta nuna iyakar ganin baƙo, kuma ta ƙi yin magana da bakin mutanen da ba nata ba. Wannan hujja tana da nauyi, na kuma yarda da rabinta. Sai dai sakamakon shi ne kusan kowane ɗan Kilanga ya shigo ne domin ya koya wa Bature darasi, da ya gama sai labari ya wuce shi. Ba mu san inda Mama Tataba ta nufa ba, ba mu san abin da ke ranta ba. Pascal, abokin wasan Leah, an ba da labarin kashe shi a ɗan taƙaitaccen wuri bayan shekaru, yayin da mutuwar Ruth May ta mamaye sauran littafin. Ko akun gidan, Methuselah, wanda aka tsinci gashinsa ranar samun 'yanci, 30 ga Yuni 1960, an fi tsayawa a kan ƙarshensa fiye da na wannan yaro.